Makunnin ɓoye a tsohuwar Hilux: wayar demarer ko wayar pompon gazuwal?

Ɗan'uwa daga Tahoua ya yi tambaya: Hilux gare shi mai injin 3L na gazuwal, yana son sa makunnin ɓoye da zai hana motar tashi saboda ɓarayi, wace waya zai yanke, ta demarer ko ta pompo?

Kada ka bi launin waya, ɗan'uwa. Motar da ta shekara talatin ta bi ta hannun masu gyara da yawa, an sha yi mata ƙari. Ka sami ƙwan gwaji na volt 12, ka maƙala bakinsa ɗaya a mas, wato ƙarfen jikin mota, ka taɓa wayar da ɗaya bakin, shi zai nuna maka gaskiya.

Ta demarer ta fi sauƙin samu. A jikin demarer akwai waya mai kauri daga batir, wannan kada ka taɓa ta. Siririyar da ke gefenta ita ce taka: ƙwan zai kama lokacin da aka murɗa makulli don tada inji, a saki ya mutu. Amfaninta shi ne ko makunnin ya lalace kana cikin tafiya, inji ba zai tsaya ba. Sai dai motarka mai giyar hannu ce, mutum uku suka tura ta a giya ta biyu ta tashi. Kuma wayar nan tana jan wuta da ƙarfi a farkon bugu, ƙaramin makunni ƙonewa zai yi, sai ka haɗa da rele na ampa 40, wato na'urar da za ta ɗauke wa makunnin nauyin wutar, da waya mai kaurin 2.5 mm².

Ta pompo kuwa, duba bayan pompon gazuwal, saman inda bututu huɗu suke fita zuwa inji. Akwai elektroban, ɗan ƙarfe mai waya guda a kansa, shi ke buɗe wa gazuwal hanya idan wuta ta zo masa. Sa wani ya buɗe kontak, za ka ji ƙas, ƙwan kuma ya kama ya zauna har a rufe. Idan aka yanke wannan, demarer zai yi ta juyawa amma gazuwal ba zai wuce ba, ko an tura ba ta tashi, ɓarawo ya ɗauka motar ce ba ta da lafiya. Wutar da take ja kaɗan ce, makunni na ampa 10 da waya mai kaurin 1.5 mm² sun isa.

Haɗarinta shi ne wanda ya kamata ka auna da kyau. Haɗin ya saki a kan hanya, nan take inji zai mutu, sitiyari ya yi nauyi, birki ya ƙage bayan taku kaɗan. Ga wanda ke bin hanyar Abalak da ramukanta, murɗa waya da hannu a naɗe da shataton, wato tef ɗin naɗe waya, ba aiki ba ne, zafi zai narkar da ƙaron, jijjiga ta kwance sauran. A yi dalma, a sa robar da ke tsukewa da zafi, inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Ni ta pompo zan zaɓa maka. Amma a yanke ta can ciki ƙarƙashin tablo, bayan ka bi ta da ƙwan ka tabbatar ita ce, don sabuwar waya kusa da pompo ita za ta tona asirin. Cire kan batir na mas kafin ka sa almakashi. Ka kuma sani wanda ya san inji zai iya jawo waya daga batir kai tsaye zuwa elektroban, saboda haka kwado a murfin inji yana cikin aikin.