Kwanon "Rage Teɓa" na Wani Shagon Kayan Marmari a Birnin Kebbi

Wata uku ke nan ina sayayya a wani shagon kayan marmari da ke cikin Birnin Kebbi, tun bayan da likita ta shawarce ni da in rage nauyi saboda ciwon gwiwa. Abin da ya fara jan hankalina shi ne wani kwali da aka liƙa a bakin ƙofa, wanda ke tallar wani haɗi mai suna "kwanon rage teɓa".

Ta fuskar tsabta dai ba ni da abin cewa. Ana wanke kayan a gaban idon mai saye, ana yanka su a cikin akwatin gilashi inda ƙuda ba ya kaiwa, kuma firijinsu na aiki da hasken rana, abin da duk wanda ya san zafin Kebbi a watan Afrilu zai fahimci darajarsa. Kankanarsu kullum sabuwa ce. Ayaba da abarba kuwa, da yake daga kudu ake kawo su, wani lokacin sukan iso a galabaice.

Matsalar tana cikin kwanon da ake tallatawa. Ana zuba ayaba biyu, dabino biyar, mangwaro da abarba, sannan a kwarara madarar gwangwani mai zaƙi da zuma a kai. Daɗi kam akwai shi, amma lissafin bai goyi bayan sunan ba. A kowane giram 100, ayaba na ɗauke da kabohaidiret, wato sukari da sitaci, kusan giram 23, dabino kuma kusan 75, alhali kankana ba ta kai 8 ba, gwanda kuwa wajen 11 ce. Ayaba biyu da dabino biyar kaɗai sun doshi giram 80, tun kafin a zo kan madara da zuma, kuma wannan ya yi kusa da abin da ke cikin giram 300 na dafaffiyar farar shinkafa. Mu da muke jihar shinkafa, inda da wuya dare ya yi ba a ci tuwonta ba, shan wannan kwano da la'asar tamkar cin tuwo sau biyu ne. Na shafe makonni uku ina yin haka, ina mamakin yadda sikeli ya ƙi motsi.

Lemon da suke matsewa ma haka yake. Kofi ɗaya na cinye lemo uku ko huɗu, a zubar da harzar da ke riƙe ciki, mutum ya shanye sukarin cikin minti ɗaya kuma yunwa ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na kayan marmari da ganyayyaki a rana, ita ce kuma ta sanya zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin nau'in sukarin da ya kamata ya gaza kashi 10 cikin ɗari na abin da jiki ke samu na kuzari a yini.

Da na yi wa mai shagon, wanda dattijo ne, wannan bayani, na ce masa, "Baba, wannan kwano naku ai na ƙara teɓa ne." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, in ba mu sa madara ba, yara ba su dawowa." Gaskiyarsa ce ta ɗan kasuwa, kuma abin da ya burge ni shi ne bai yi musu ba, ya ce in faɗi yadda nake so a haɗa mini.

Yanzu nawa kwanon kankana ce da gwanda da gwaba da kokwamba, babu madara babu zuma, kuma farashinsa bai kai na wancan ba. Ina cin sa kafin abincin dare, sai in rage malmalar tuwo zuwa rabi. Ayaba ban daina ci ba, sai dai guda ɗaya, a ranar da na yi tafiyar ƙafa. Zan ci gaba da zuwa shagon, amma kwalin nan har yau yana bakin ƙofa, kuma jiya na ga mata biyu sun karanta shi sun shiga.