Gargaɗi: hattara da masu sayar da tangaran Delft na jabu

Jama'a, masu neman tsofaffin farantai da tuluna masu zanen shuɗi na garin Delft a ƙasar Holan, a kula. Akwai 'yan damfara a Facebook da eBay da ke tallar kayan tsarabar 'yan yawon buɗe ido da sunan na ƙarni na 17 ko na 18. Labarinsu kusan ɗaya ne: kayan gado ne, ana sauri a rabar, a turo kuɗi ta Western Union. Hoton ma sau da yawa daga shafin gidan gwanjo aka sato shi.

Fara da neman hoton gindin farantin. In an rubuta cewa a Holan aka yi shi, ko cewa zanen hannu ne, ko aka buga hoton injin iska, to ba na ƙarni na 17 ko na 18 ba ne. Tambari kuma shi ya fi sauƙin kwaikwaya. Masana'antar Samson ta Faris ta kwafi kayan Delft har da tamburansu tun ƙarni na 19, kuma da yawa daga na ainihin ba su da tambari sam. De Porceleyne Fles, wata masana'antar tangaran a garin Delft, an kafa ta a 1653, amma alamar ƙaramar kwalba da haruffan JT ta zo ne bayan Joost Thooft ya saye ta a 1876. Wanda ya nuna maka ita ya ce 1653, ƙarya yake.

Jikin kayan ne ba ya ɓuya. Tsohon Delft yumɓu ne mai laushi, mai ɗan rawaya-rawaya, da aka lulluɓe da farin shafe mai kuza. Haske ba ya ratsa shi, bakinsa kuma yakan ɗan ɓantare har yumɓun ya leƙo. In wurin ɓantarewar fari ne fat, ka janye. A bayan faranti nemi tabo uku ƙanana na ƙusoshin da suka riƙe shi lokacin gashi. Da gilashin ƙara girma za ka ga sawun buroshi, wani wuri kauri wani wuri sirara. Na bugun inji ɗigo-ɗigo ne a jere. Wasu kan goge baki da sanfefa, su jiƙa shi a shayi don tsagewar ta yi duhu, sai dattin ya fito bai ɗaya ko'ina.

Kada ka biya sai an turo sabon hoto da ranar yau a takarda kusa da kayan, kuma ta hanyar da za ka iya maido da kuɗinka.