Wa'azozin Orijin na Latin: wane bugu za ka saya?

Yawancin wa'azin da Orijin, malamin Kirista na farko-farko, ya yi a Kaisariya a ƙarni na 3 sun ɓace a asalinsu na Girkanci. Abin da ya iso mana a kan littattafan Baibul na Farawa (wa'azi 16) da Fitowa (13) da Joshuwa (26) fassarar Latin ce ta wani sufi mai suna Rufinus, wadda ya yi a wajajen shekarar 400, sufaye suka yi ta kwafa da hannu a Turai. To kafin ka zura hannu a aljihu, ka san cewa muryar mutum biyu za ka saya. Rufinus da bakinsa ya ce ya cike giɓi a wasu wuraren, musamman a Littafin Firistoci.

Bugun Migne, wato Patrologia Graeca, tarin rubuce-rubucen malaman coci na Girkanci na 1857 zuwa 1866, kyauta yake a intanet. Ya isa leƙawa, amma tsohon rubutu ne da aka sake bugawa, haruffa ƙanana a shafin da aka raba gida biyu, sai ka kai hancinka kusa da allo. Ba na ba da shawarar a kafa hujja da shi.

Mai bincike na gaske ya nemi na Baehrens, wanda ya fito a jerin GCS (bugun Jamus na rubuce-rubucen marubutan Kirista na farko) a 1920 da 1921. A ƙasan kowane shafi za ka ga inda kwafin wannan gidan sufaye ya saɓa da na wancan, wani lokaci kalma ɗaya tak. A nan ne kake ganin hannun magatakarda. Sai dai babu fassara, bayanin gabatarwa kuma da Jamusanci yake.

Ni dai zaɓina jerin bugun Faransa mai suna Sources Chrétiennes: Latin a hagu, Faransanci a dama, ga sharhi a ƙasa, kuma ana sayensa juzu'i-juzu'i. In Turancin Ingilishi kaɗai kake ji, akwai fassarar Ronald Heine ta 1982 a kan Farawa da Fitowa, amma babu Latin a ciki.

Idan da sauran kuɗi, ƙara da bugun Lorenzo Perrone na 2015. Wa'azi 29 ne a kan Zabura da aka gano da Girkanci a Munik a 2012. Huɗu daga ciki, na Zabura 36, Rufinus ya fassara su, don haka za ka iya jera su gefe da gefe ka ga inda ya bi sawu da inda ya ƙara nasa.