Allurar tsinka jini ko zaro gudan jinin da bututu: wanne ya fi haɗari?

'Yar'uwa, Allah ya ba ƙanwarki lafiya. Kin ce bayan ta haihu ciwon kai ya matsa mata, sai jijjiga, hoto ya nuna jini ya daskare a manyan magudanun da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa. Kina mamakin me ya sa allura kawai ake mata, ba a shiga an zaro gudan ba kamar yadda ake yi wa wasu masu shanyewar ɓarin jiki.

Allurar nan heparin ce. Ba ta narkar da gudan, hana shi ƙaruwa take yi, jiki kuma ya cinye shi a hankali. Ana yin ta ko da hoton ya nuna jini ya ɗan zuba a ƙwaƙwalwa, domin toshewar ce ta sa jinin ya taru a baya har ya fasa ƙananan jijiyoyi. Haɗarinta zubar jini ne, shi ya sa ake sa ido. Bayan ta sai ƙwayoyi irin su warfarin, wata 3 zuwa 12. A wani babban bincike da aka wallafa a 2004 kan marasa lafiya 624, akasarinsu a kan heparin, kusan kashi 79 cikin ɗari sun warke ba tare da naƙasa ba.

Zarowa kuwa, siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi ko ta wuya, a bi da shi har cikin kai, a tsotse gudan ko a jawo shi da 'yar ragar waya. A shanyewar ɓarin jiki, inda jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta toshe, gudan gajere ne kuma sabo. A ciwo irin na ƙanwarki kuwa yakan cika magudana doguwa, ya kwana biyu ya yi tauri ya manne. Sannan akwai ƙananan jijiyoyi masu siririn bango da ke zubowa cikin magudanar. Waya ta kauce ta shiga ɗaya ta huda, jini zai ɓalle a cikin kan mutumin da aka riga aka tsinka wa jini. Wannan ne ya fi tsorata ni. Ɓarɓashin gudan kuma yana iya gangarawa huhu, wurin hudar ya tara jini, ruwan da ake zubawa a jijiya don ɗaukar hoto ya taɓa ƙoda, ko magudanar ta sake toshewa.

An gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a binciken TO-ACT, a Holan da Sin da Fotugal, aka wallafa a 2020. Mutum 67 ne masu tsananin ciwon, aka tsayar da shi tun bai ƙare ba don ba a ga alamar riba ba. Bayan shekara guda, kashi 67 na waɗanda aka shiga da bututu sun warke, na waɗanda aka bari a kan magani kaɗai kashi 68. Binciken ƙarami ne, bai rufe ƙofa ba, amma a ganina likitocinta suna kan daidai.

Inda bututun ke da gurbi shi ne idan ana heparin amma jiki na ta ƙara rikicewa, ko ta shiga dogon suma. In kumburi ya danne ƙwaƙwalwa kuma, tiyatar buɗe ƙoƙon kai ce ke ceton rai. Ke da ke jinyarta, da kin ga barcinta ya yi nauyi har tashinta na wuya, ko ganinta ya dushe, ko jijjigar ta dawo, ki kira nas nan take, kada ki jira zagayen likita na safe.