Sharhi kan bakan gora da kibau na kyauro da ake haɗawa a wajen Garwa

Kayan guda uku ne kuma tare ake sayar da su: bakan gora, kibau goma, da kwarin fata. Wani dattijon maharbi ne a wani ƙauye kusa da Garwa, a arewacin Kamaru, yake sassaƙa bakan, maƙerin garinsu kuma yake ƙera masa kawunan kibau. Na yi aiki da su rani da damina. Bakan ya fi kuɗinsa, kwarin ba laifi, kibau kuwa sai an zauna an sake musu aiki kafin a shiga daji da su. Wanda yake son koyon harbi ya san wannan tun farko, domin yawancin masu koyo baka suke zargi idan sun kuskure, alhali laifin na kibiya ne.

Tsawon bakan santimita 140 ne idan an kwance tsarkiya. Gorar irin ta nan ce mai ƙaramin rami a ciki, ta nuna sosai, kuma daga launinta ka san ta daɗe a rataye cikin hayaƙin madafa, abin da ke hana ƙwaro cin ta. Kaurinta a mariƙi kusan santimita 3, tana sirancewa har rabin haka a kawunan biyu. Da sikelin rataye irin na masu awon nama, ƙarfinsa kilo 16 ne idan an ja shi santimita 55. Tazarar tsarkiya da mariƙi santimita 13. Baka ne mai sauƙin ja, saurayi ɗan shekara goma sha biyar zai iya shi, kuma ba ya girgiza hannu bayan an saki.

Abin da na fi yaba wa mai sassaƙar shi ne bai taɓa bayan bakan da wuƙa ba. Bayan baka, wato ɓangaren da ke fuskantar abin harbi, shi ne yake miƙewa idan an ja, kuma ƙarfin gora yana cikin jijiyoyin da ke dab da fatarta. Duk wanda ya kankare wannan gefen don ya yi santsi, ko ya daddatse gaɓoɓin don su yi daidai da jiki, ya yanke jijiyoyin ke nan, kuma daga gaɓar nan tsaga za ta fara. Bakunan ado da ake sayar wa baƙi, masu zanen wuta da tuntu, yawanci haka ake musu, shi ya sa ba a jan su. Wannan an rage shi ne daga ciki kawai, gefen da ke kallon mai harbi.

Aibunsa ɗaya: reshen ƙasa ya fi na sama tauri. Ana gane haka idan an ɗaura tsarkiya aka auna tazararta da jikin baka a santimita 30 daga mariƙi, sama da ƙasa. A nawa bambancin ya kai santimita ɗaya da rabi. Idan aka bar shi, reshen sama ne zai riƙa ɗaukar wahalar duka, ya gaji da wuri, kibiya kuma ta riƙa fita tana sunkuyo. Gyaran ba wuya. A kwance tsarkiya, a sami fasasshiyar kwalba a kankare cikin reshen mai taurin, shara goma a jere daga mariƙi zuwa kai, sannan a ɗaura, a ja sau ashirin ba tare da an saki ba, a sake aunawa. Kada a tsaya wuri ɗaya ana kankara, wurin zai zama rauni ya riƙa lanƙwashewa shi kaɗai. Bambancin rabin santimita ba damuwa, a bar shi haka.

Tsarkiyar fatar da aka murɗa ce, kuma da hunturu babu abin da za a ce da ita. Matsalarta damina. Daga watan Yuni fatar tana shan raɓa ta saki, tazarar nan ta santimita 13 ta koma 9, sai tsarkiya ta riƙa dukan wuyan hannu, kibiya kuma ta fita ba ƙarfi. Maganin shi ne a kwance kai ɗaya a ƙara mata murɗi biyar zuwa takwas har tazarar ta dawo, a goge ta da kakin zuma. Zaren saƙar koma ba ya jin raɓa, ana iya riɓa shi a yi tsarkiya ta biyu don damina, amma yana da talewa kuma siriri ne, yana cin kan baka idan ba a naɗa wa wurin fata ba. Shi kansa bakan yana son man kaɗanya kaɗan duk wata a lokacin hunturu. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, kada a bar shi a rana ko a jingine da bangon kwano. A kwance tsarkiya duk lokacin da aka gama, in ba haka ba gorar za ta riƙe lanƙwasar ta rasa ƙarfi. Kada kuma a taɓa ja a saki babu kibiya, domin ƙarfin da kibiya za ta tafi da shi cikin gorar yake komawa.

Kibau su ne inda aikin yake. Tsawonsu santimita 68, jikin kyauro, kan ƙarfe mai kunne biyu, kuma babu gashin tsuntsu a gindi, kamar yadda aka saba a wannan yanki. Kibiya marar gashi nauyin kanta ne kaɗai yake miƙar da ita a iska. Saboda haka gwajin farko shi ne a ɗora ta a kan yatsa: ya kamata ta daidaita a wajen santimita 22 zuwa 25 daga tsini, wato kashi ɗaya cikin uku na tsawonta. Cikin goman, shida ne suka ci wannan gwajin. Sauran huɗun kansu ya yi sauƙi, suna daidaita kusa da tsakiya, kuma irin waɗannan su ne ke karkata gindi bayan taku goma su daki abu a gicciye. Na ɗora su a sikelin masu sayar da zinariya, mafi sauƙi giram 24, mafi nauyi giram 41. Da irin wannan bambanci mai koyo ba zai taɓa sanin inda hannunsa yake ba, yau kibiya ta wuce sama, gobe ta faɗi ƙasa, alhali jansa bai canja ba. A ware waɗanda nauyinsu ya yi kusa, tsakanin giram 30 da 35, a yi musu alama, a yi koyo da su kaɗai.

Ɗaurin kai ma akwai gyara. Wutsiyar ƙarfen tana shiga cikin kyauro kamar santimita 5, kuma abin da ke hana kyauron tsagewa idan kibiya ta daki abu mai tauri shi ne naɗin da ke bakin. Bakwai an naɗe su da jijiya, uku da zaren roba. Jijiya ana naɗa ta ne a jiƙe, idan ta bushe sai ta tsuke ta kama kyauron, zaren roba kuwa zamewa yake, ƙarfen ya nutse ciki ya raba jikin biyu. Duk ukun sun tsage. A karɓi jijiyar ƙafar sa a wurin mahauta, a busar, a daddaka ta rabu sili-sili, a jiƙa, a zuba narkakken ƙaro a ramin, a cusa ƙarfen, a naɗe santimita 3, a bari ta kwana biyu. Haka ma gindin da tsarkiya ke shiga, yana son naɗin santimita ɗaya. Kyauron da ya karkace a gasa shi sama-sama a kan garwashi ana juyawa, a miƙar da hannu, a riƙe har ya huce. Wanda ya yi baƙi ya ƙone, a jefar. Kyauro ba ya wuya a bakin kogin Binuwai, a yanke shi bayan damina, a ɗaure dami a jikin sanda miƙaƙƙiya ya bushe a inuwa.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya fahimta game da waɗannan kawunan masu kunne. An ƙera su ne don dafi. Maharban zamanin da suna shafa musu dafin kwankwani, wanda ke tsayar da zuciya, kunnen kuma aikinsa ya riƙe kibiya a jikin dabba har dafin ya ratsa. Dalilin da ya sa bakunanmu ba su da ƙarfi sosai ke nan, domin ba ƙarfin bakan ke kisa ba. Idan aka cire dafi daga lissafi, kuma dole a cire shi, baka mai kilo 16 na zabo ne da fakara da zomo da gafiya, a tazarar mita 10 zuwa 15. Harbin barewa ko gada da shi zalunci ne: dabbar za ta gudu da ƙarfe a jiki ta je ta ruɓe a daji. Dafi kuma a gidan da yara ke shiga ko'ina bala'i ne, ƙarzane kaɗan ya isa. Ni na sa maƙeri ya goge kunnuwan ya bar kai mai faɗi kamar ganye, mai kaifi gefe biyu, wanda ya fi yanka kuma ya fi sauƙin zarewa. In tsautsayi ya sa kibiya mai kunne ta soki mutum, kada a fizge ta, a kai shi asibiti da ita a jiki, a kuma yi masa allurar tetanus.

Doka ma tana da magana. Dokar gandun daji da namun daji ta Kamaru ta 1994 ta kasa dabbobi aji uku, A da B da C. Na ajin A, irin su zaki da damisa da raƙumin dawa, ba a taɓa su ko kaɗan. Farautar gargajiya an yarda da ita ne a kan ƙananan dabbobi na ajin C, don ci a gida, ba don sayarwa ba, kuma an bayyana ta da cewa farauta ce da kayan da aka yi da tsirrai. Farautar dare da fitila, da sa guba, da cinna wa daji wuta duk an hana. Wannan duk a ƙarƙashin dokar 1994 ne. A 2024 an yi sabuwar doka da ta maye gurbinta, don haka kafin a fita da kibiya mai kan ƙarfe a je ofishin ma'aikatan gandun daji mafi kusa a tambaya. Gandun Binuwai da Faro da Buba Njida da Waza ba a shiga da makami, haka yankunan farauta da gwamnati ta ba da haya a kewayen na Binuwai. A kuma sanar da jauro ko lawan, wato mai gari, kafin a shiga dajin garinsu, a wannan zamani baƙo da kwari a kafaɗa yana tayar da hankalin mutane.

Saboda wannan sharaɗi na farauta da kayan tsirrai wasu suna komawa ga kibiya mai dunƙulallen kan itace, wadda ke buge tsuntsu ba ta huda shi ba. Tana da kyau ga koyo kuma ba ta ɓata a ciyawa, amma Musulmi ya kula. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da gefensa, na biyun mushe ne idan ya mutu kafin a yanka, kuma aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta ambaci dabbar da duka ya kashe cikin abubuwan da aka haramta. Saboda haka a yi bisimilla lokacin saki, wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugu, a hanzarta yanka. Wanda yake son kan itace mai hudawa ya fiƙe ɗunɗu ya gasa tsinin a wuta.

Wajen koyo, buhun taki da aka cusa wa tsummoki ya ishe mutum. A ajiye shi a ƙasa gaban tudu ko bango, ba inda awaki ko yara ke gittawa ba, domin abin da za a harba a daji ma a ƙasa yake. A fara da mita 5. Sai kibau biyar sun riƙa taruwa a wuri mai faɗin faifai sannan a ƙara mita biyu. Kibiyar tana son kamun babban yatsa da manuniya, tare da yatsa na tsakiya a kan tsarkiya, tunda gindinta ba zurfi. Jan santimita 55 gajere ne ga dogon mutum, sai ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannun da ke riƙe da baka don hannun ja ya kai gefen baki. Kada a wuce wannan jan, gorar ba za ta jure ba. Harbi talatin a rana ya fi ɗari a ranar Lahadi kaɗai. Sauran aikin na ƙafa ne da ido: zabin daji suna sauka ruwa da sassafe da kuma dab da magariba, a zauna a jira su ya fi a bi su. Zomo da gafiya hanci gare su, a riƙe toka a ƙyalle a girgiza a ga inda iska ta nufa, a tunkare su iska na bugun fuska.

Kwarin fatar akuya ne a kan bututun itace, ɗinkin ya yi kyau ko da bai kai aikin dukawan Marwa ba. Gindinsa ba a sa masa komai ba, tsini na huda shi kuma kibau na ƙara idan ana tafiya. Dunƙulen auduga da guntun fatar sa a ƙasan sun magance duka biyun.

Bakan roba da ake shigowa da shi daga waje ya fi wannan ƙarfi kuma ba ruwansa da damina, amma idan kibiyarsa ta karye babu mai gyara ta a Garwa, wannan kuwa komai nasa ana samu tsakanin bakin kogi da maƙera da mahauta. Ina ba mai koyo shawarar ya saya, da sharaɗi uku a wurin ciniki: a ɗaura bakan a gabansa ya auna rassan biyu, ya gwada kowace kibiya a kan yatsa ya mayar da wadda ta daidaita a tsakiya, ya kuma nemi kawuna marasa kunne da naɗin jijiya ko da za a ƙara masa kuɗi a ce ya dawo bayan mako guda.