Faifan Heaven and Hell na Black Sabbath, ya cancanci kudinsa

Jama'a wallahi wannan CD din ya biya ni. Black Sabbath kungiyar mawaka ce, 'yan Birmingham ne a Ingila, a 1968 suka hadu, to a 1979 suka sallami mawakinsu Ozzy Osbourne kowa ya dauka shikenan kungiyar ta mutu, sai ga Ronnie James Dio daga Amurka ya karbi makirufo suka saki wannan a 1980, muryarsa tas kamar an wanke, ga jitar Tony Iommi da nauyi ba a magana. Iommi kadai ne ma yake cikin duk fayafayan kungiyar. Mai ganga Bill Ward kam bai karasa zagayen wasan shekarar ba, Vinny Appice ya gaje shi. Korafina daya, wakoki 8 kacal, sun min kadan gaskiya. Ku nemi orijina ku sa a sifika mai kyau.