Aikin rage tumbi a Alkahira: abin da na saya da dala 3,500 da abin da ba ya cikin kuɗin

Tun da na dawo mata ke tare ni a gidan biki suna tambayar lambar mutumin da ya haɗa min tafiya. Na daina bayarwa kai tsaye. Duk wadda ta tambaya sai in ce ta zauna ta ji labarin tukuna, in ta ji ta ga za ta iya, ga lamba. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Shekarata 41 lokacin da na tafi, 'ya'yana huɗu, ina sayar da leshi da atamfa a Kano. Nauyina kilo 124, tsawona mita 1.62. Ina shan metformin saboda ciwon sukari, ga maganin hawan jini, ga gwiwoyi da suka sa na shekara uku ina salla a kan kujera. Shayin rage ƙiba kuwa babu kalar da ban sha ba. Saboda haka kada wata ta ɗauka don kwalliya na je. In aka auna nauyina da tsawona, ma'aunin da likitoci ke amfani da shi yana ba da 47, alhali daga 35 ma ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun yarda a yi aikin, tun bayan gyaran ƙa'idar da suka yi a 2022. Na cancanta. Ba a nan gizo yake saƙa ba.

A Instagram na ga tallan. Wani dillali ne Bahaushe mazaunin Alkahira, yana ɗora hotunan mata kafin aiki da bayan aiki, fuskoki a rufe. Muka koma WhatsApp. Dala 3,500: gwaje-gwaje, tiyata, kwana biyu a asibiti, kwana biyar a masauki, mota daga filin jirgi, tafinta, da abin da ya kira "bibiya ta shekara ɗaya kyauta". Tikiti da biza nawa ne. Watan Nuwamba ne na 2023, dala ta riga ta haura naira dubu a Wapa, sai da na sayar da sarƙa da awarwaro biyu kafin kuɗin su cika. Yayata ce ta raka ni, don maigida ba zai iya barin kasuwa da yara ba.

Gaskiya ɗaya ce, ɓangaren tarba ba ni da abin cewa. Muna sauka mota tana jira. Masaukin a unguwar Madinat Nasr yake, tsaf-tsaf, da kicin. Tafintan ɗalibin Azhar ne, yaro mai ladabi, "Hajiya sannu, Hajiya a yi haƙuri" har sai na ji kunya. Washegari aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji da na ciki, aka auna zuciya, aka zura min kyamara ta baki aka duba tumbi. Asibitin ƙal-ƙal, ko ƙuda ban gani ba.

Likitan da zai yi aikin na gan shi minti goma, ƙila ma ba su cika ba. Ya zana min tumbi a takarda, ya ja layi, ya ce za a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari a fitar, a bar wani siriri kamar ayaba, a ɗinke gefen da ƙananan ƙusoshi irin na maƙala takarda. Su can takmim suke ce masa. Ya ce ɓangaren da za a cire shi ke fitar da yawancin sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa mutum ke daina kwaɗayi. Na tambaye shi haɗari fa? Ya yi murmushi ya ce "mafish mushkila ya madam", tafinta ya ce min wai babu matsala. Takardar da na sa wa hannu shafi huɗu ce da Larabci. Na tabbata duk abin da ya same ni daga baya yana rubuce a cikinta. Babu wanda ya karanta min, ni ma ban matsa ba. Wannan laifin raba shi za mu yi.

Aikin kansa ya yi kyau, kuma zan faɗi haka ko a gaban wa. Huda biyar ƙanana a ciki, yau sai na duba sosai nake ganin tabonsu. Na farfaɗo da ciwo a kafaɗa saboda iskar da suke hura wa ciki, da wata roba a gefe tana fitar da ruwa. Da yamma ma'aikaciyar jinya ta tashe ni tsaye dole, ta ce in yi ta zagaye a baranda don kada jini ya daskare a ƙafafuna, aka sa min doguwar safa mai matsewa, aka yi min allurar tsinka jini a fatar ciki. Washegari suka ba ni wani ruwa mai ɗaci na haɗiya suna kallo ta na'urar hoto, su ga ko ɗinkin yana yoyo. Bai yi ba.

A barandar nan na haɗu da wata 'yar Sudan da aka yi mana aiki rana ɗaya. Masaukinmu ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. A kwana na huɗu da daddare mijinta ya buga mana ƙofa a gigice. Muka shiga muka same ta zaune a bakin gado ta dafe kafaɗar hagu, zufa na keto mata, jikinta zafi rau, numfashi sama-sama. Yaya ta kama hannunta ta ce min, "Ke, zuciyarta kamar ana kaɗa kalangu." Ɗinkinta ne ya ɓalle ta sama, abin da ke cikin tumbi yana tsiyaya cikin cikinta. Ita ma an yi mata gwajin ruwan ɗacin nan, ita ma an ce lafiya. Har muka baro ƙasar tana asibiti, an sake shiga da ita, an sa mata wani bututu ta ciki ya toshe wurin. Daga baya na san cewa wannan yana samun mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma yana iya bayyana bayan kwanaki, har bayan mako guda ko biyu. Alamarsa ta farko bugun zuciya ne da ya haura 120 a minti, tun kafin zazzaɓi ma. Ni kuma aka ɗora ni a jirgi a kwana na bakwai, ba wanda ya ce min ko da wasa in riƙa ƙirga bugun zuciyata. Da nawa ne ya ɓalle a kwana na tara, ina ɗakina a Kano, da zazzaɓin cizon sauro za mu ce, a aiki yaro kemis.

Abin da aka sallame ni da shi: allurar tsinka jini ta kwana goma, maganin rage tsamin ciki, kwalbar bitamin guda ɗaya, da takardar abinci. Takardar nan ita ce abin dariya. Mako biyu ruwa-ruwa, mako biyu abu mai laushi, to na gane. Amma abincin da aka lissafa miyar adas ce da cukun Misira da ful. A Kano ina zan samo su? Na tura wa dillali saƙo: kunun gyaɗa ya halatta? Fura fa? Ya ce zai tambayi likita. Har yau yana tambaya.

Sai na yi ta kaina. Kunu, koko, shayi, ruwan lemo. Duk abin da ya ɗan yi kauri sai ya tsaya min a ƙirji kamar na haɗiyi dutse, in tashi in amayar. A mako na biyar amai ya zama kullum, sau uku sau huɗu. Na rubuta a rukunin WhatsApp da suka buɗe mana, wanda shi ne "bibiya ta shekara ɗaya" ɗin ashe. Amsa ta zo bayan kwana biyu: al'ada ce, ki ci a hankali. Ni kuma ina ganin sikeli yana sauka, kilo 14 a wata ɗaya da 'yan kwanaki, sai murna ta rufe min ido.

A mako na bakwai tafin ƙafafuna suka fara yi kamar ina taka auduga. Sai jiri. Wata safiya na miƙe zan shiga banɗaki ƙafa ta ƙi ɗaukata, na zube a tsakar ɗaki, kuma da na kalli ƙofa sai na ga ta zama biyu. Maigida ya kwashe ni zuwa wani asibitin kuɗi. Har an rataya ledar ƙarin ruwa mai sukari, sai wata likita matashiya ta shigo, ta ɗaga rigata ta ga tabon hudar. Ta ce, "Hajiya, wane aiki aka yi miki?" Da na faɗa mata, da sati nawa nake amai, ta sa hannu ta rufe ruwan da kanta. Ta ce a fara yi min allurar bitamin B1 tukuna. Ta yi wa maigida bayani ina ji: jiki ba ya ajiye wannan bitamin da yawa, cikin mako biyu zuwa uku na amai da rashin ci yake ƙarewa, in ya ƙare jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke taɓuwa, kuma in aka ɗura wa mai wannan hali sukari kafin a ba shi bitamin ɗin, ƙara rura wutar ake yi. Akwai waɗanda ba sa dawowa daidai. Kwana shida na yi a kwance. Idona ya daidaita cikin kwana biyu, ƙafafu kuwa sai da suka ɗauki kusan wata huɗu, kuma har yanzu babban yatsana na dama bai gama farkawa ba.

Ita ce ta haɗa ni da mai ba da shawara kan abinci, wadda ta yi min abin da ya kamata a yi tun a Alkahira. Ta ce ki manta da kunu, sitaci ne da sukari, naman jikinki kike narkarwa. Kindirmo marar sukari, romon kaza, dafaffen ƙwai, alale, awara dafaffiya ba soyayya ba, kifi. Abinci mai gina jiki giram 60 zuwa 80 a rana, shi za ki fara ci kafin komai. Ruwa kurɓi-kurɓi duk yini, amma ba tare da abinci ba, a bar rabin awa tsakani. Lemon kwalba mai gas an rabu. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda nake sha kamar gyaɗa saboda gwiwa, su ma an rabu, don suna iya haddasa gyambon ciki. Bitamin kuma ba na wata uku ba ne kamar yadda na zata da kwalba ɗayar nan, na har abada ne, tare da gwajin jini lokaci-lokaci a duba B12 da sinadarin ƙarfe da bitamin D. Ta kuma tambaye ni ko ina tsarin iyali, don ba a son ciki ya shiga kafin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan ma a bakinta na fara ji.

Azumin 2024 ya zo a Maris, wata huɗu da aikin. Likita ta ce kada in soma. Tumbin da ba ya ɗaukar fiye da rabin kofi ba zai iya tara ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba ba, balle a zafin Kano. Ban taɓa shan azumi cur ba tun da na balaga. Ina zaune ana buɗe-baki ina kallo, abin ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.

Lokacin ne kuma gashi ya fara zuba. Mai kitsona ta tsefe min kai, ta tara abin da ya biyo matsefi a cinyarta, ta yi shiru, can ta ce, "Anti, ko dai a yi miki manya guda huɗu kawai?" Ya tsaya da kansa wajen wata na takwas, ya fara tsirowa. Surutun mutane ne bai tsaya da wuri ba. Surukata ta kira ɗanta gefe ta tambaye shi abin da yake yi min na rame haka. A kasuwa wata ta riƙe hannuna tana "Allah ya ba ki lafiya" da irin muryar da ake yi wa wanda aka fitar da rai da shi.

Na ce to an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A wata na tara, bayan na ɗan taɓa naman Salla mai maiƙo, wani ciwo ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya zagaya har baya. Hoto ya nuna tsakuwa cike da maɗaciya. Likitan tiyatar da ya gan ni a Kano ya ce wannan sananne ne ga duk mai saurin ramewa, kuma akwai magani, ursodiol, da likitoci da yawa ke bayarwa na wata shida bayan aikin don rage faruwarsa. Ya tambaya ko an ba ni. Na ce ko sunansa ban taɓa ji ba. Aka cire maɗaciyar. Kuɗin wannan da na kwanciyar farko da gwaje-gwaje, in aka haɗa, sun kusa rabin abin da na biya a Misira.

Wanda ya rage min yanzu ƙwannafi ne. Da ban san shi ba sai in ina da ciki. Yanzu in na ci abu bayan isha'i, cikin dare ruwa mai tsami zai taso min har maƙogwaro in farka ina tari. Filo uku nake tadawa, omeprazole kullum da safe. An ce min irin aikin da aka yi min ya fi ɗaya nau'in, wanda ake karkatar da hanyar abinci zuwa hanji, jawo wannan matsala, kuma wanda ƙwannafinsa ya ƙi jin magani wani lokaci sai an mayar da aikinsa zuwa wancan. Ga fatar damtse da ta ciki da ta saki, tana kumbura da ƙuraje lokacin zafi.

To na yi nadama? Nauyina yau 81. Likitana ya dakatar da metformin tun a wata na biyar, sukarina yana zaune lafiya, maganin hawan jini an rage shi rabi. Ranar da na fara kai goshina ƙasa ba kujera, na daɗe ban ɗago ba, autata tana tsaye tana kallona. In aka mayar da ni baya zan sake yin aikin. Amma ba zan saye shi a hannun mai talla ba, kuma ba zan hau jirgi ba sai na sami likita a gida da ya san irin wannan aiki, ya yarda zai riƙe ni, na sa lambarsa a wayata. Zan zauna can aƙalla mako biyu. Zan sa a karanta min takardar nan ta sa hannu layi-layi, in taho da rahoton tiyatar da Turanci, don nawa da Larabci aka ba ni, sai da muka nemo malamin Islamiyyar yara ya zo asibiti yana fama da kalmomin likita.

In maki ake so: hannun likitan da tsaftar asibitin, huɗu cikin biyar. Tafinta, biyar, Allah ya yi masa albarka. Bayani kafin aiki, ɗaya. Bibiyar shekara ɗaya kyauta, ban ga abin da zan ba maki ba.

Da na cika shekara dillalin ya turo min saƙo, karo na farko da shi ya fara nemana. "Hajiya barka da shekara, a taimaka mana da hoton da da na yanzu, za mu rufe fuska." Tsakuwoyin da aka ciro min suna nan a wata 'yar kwalba da asibiti suka ba ni, guda 11, launin ƙasa-ƙasa, babbar ta kai ƙwayar gujiya. Na ɗora kwalbar a kan farin faranti, na ɗauki hotonta da kyau, na tura masa. Ya buɗe, alamar ta yi shuɗi. Bai ɗora a shafinsa ba tukuna.